Yaƙar ciwon yaushin gwaiba da ƙwayoyin halitta masu amfani

Wannan wata hanya ce ta kare bishiyar gwaiba daga cututtukan funfuna ta hanyar zuba wasu ƙananan halittu masu rai a cikin ƙasar da saiwarta take, su riƙa faɗa da ƙwayar cutar tun kafin ta shiga jikin bishiya. An fi yin aikin a kan ciwon yaushi, wanda shine babban abinda yake kashe gwaiba a Indiya da Afirka ta Kudu da Taiwan.

Tarihin cutar

A Taiwan an rubuta labarinta tun wajen 1926. A Indiya kuwa ana cewa an fara ganinta ne a 1935 a yankin Allahabad, wurin da ya yi suna da gwaiba mai daɗi, daga baya ta bayyana a lambunan Lucknow a shekarun 1940, sai a farkon shekarun 1950 masana suka ɗora laifin a kan wata funfuna mai suna Fusarium oxysporum f. sp. psidii. Har yau akwai saɓani, wasu na kawo Fusarium solani, wasu Macrophomina phaseolina, wasu kuma Gliocladium roseum.

A Afirka ta Kudu labarin ya ɗan bambanta. Cutar ta ɓulla a 1981 a kusa da Malelane, mai haddasa ta kuma Nalanthamala psidii ce, ta yi ɓarna sosai a irin gwaibar Fan Retief da manoman ƙasar suka fi dogara da shi. An samar da wani iri mai juriya da ake kira TS-G2, mutane suka ɗan samu sauƙi, amma kusan 2009 cutar ta dawo ta kama shi shima.

Alamomi

Ganye ya fara rawaya yana naɗewa yana zubewa, 'ya'yan su tsaya ba girma su yi tauri su yi baƙi a jikin reshe, in ka tsaga itacen zaka ga cikinsa ya canza launi dan funfunar ta toshe hanyoyin da ruwa ke bi daga saiwa zuwa sama. A Indiya an fi ganin haka bayan damina. Abin takaicin shine lokacin da manomi zai ga rawayar nan, aikin gama ya riga ya gama a ƙarƙashin ƙasa, shi yasa feshin magani a ganye baya yin komai.

Halittun da ake amfani da su

Wanda aka fi sani shine Trichoderma, wata funfuna mai launin kore da take rayuwa a ƙasa. Tun 1932 wani masani Richard Weindling ya nuna cewa tana kai wa wasu funfunan hari, tana nannaɗe zaren jikinsu ta saki sinadaran da suke narkar da bangonsu sannan ta cinye su. Banda haka tana saurin girma ta mamaye gefen saiwa ta kwashe abinci, mai cutar ta rasa wurin zama. Ire-iren da aka fi gwadawa a gwaiba sune Trichoderma harzianum da Trichoderma viride.

Cibiyar binciken itatuwan marmari ta CISH da ke Lucknow ta yi aiki da wani nau'in Aspergillus niger mai lamba AN17, wanda ya nuna amfani a gwaje-gwajen lambu. Akwai kuma bakteriya irinsu Pseudomonas fluorescens, ita tana kama sinadarin ƙarfe na cikin ƙasa ta hana funfuna samu, da Bacillus subtilis.

Yadda ake sa su

Ba a zuba su haka kawai a busasshiyar ƙasa. Ana cakuɗa garin da ke ɗauke da halittun da takin shanu wanda ya ruɓe sosai, a yayyafa ruwa a rufe a inuwa na wasu kwanaki har su yaɗu a ciki, sannan a zuba a ramin dashe, ko a tona gindin tsohuwar bishiya a zuba a mayar da ƙasa. Tunda abu ne mai rai, zafin rana da bushewa suna kashe shi, haka in aka haɗa shi da maganin kashe funfuna na kemikal an yi asarar kuɗi. Kuma sai an riƙa maimaitawa.

Iyakarsa

Rigakafi ne, bishiyar da ta riga ta yi nisa sai dai a tuge ta a ƙone. Sakamakon ɗakin gwaji yakan fi na gona kyau. A Barazil matsalar ta haɗa da tsutsar saiwa Meloidogyne enterolobii wadda take raunata saiwa ta buɗe wa Fusarium solani ƙofa, dan haka a can dole a yi maganin tsutsar ma. Shi yasa ake haɗa hanyar da gyaran magudanar ruwa da yi wa gwaiba aure a kan gindin da cutar bata cika kamawa ba, kamar wani dangin gwaiba mai suna Psidium friedrichsthalianum.

Ciwon 'ya'ya

An gwada wasu daga cikin halittun nan a kan Colletotrichum, funfunar da take sa tabo da ruɓewa a jikin 'ya'yan gwaiba bayan an tsinko su.