Laimar Kwaɗi Mai Sa Gane-gane

Laimar kwaɗi mai sa gane-gane suna ne da ya tattaro wasu nau'o'in laimar kwaɗi, wadda wasu ke kira naman kaza, waɗanda ke ɗauke da sinadaran da ke jirkita gani da ji da tunanin wanda ya ci su na tsawon wasu sa'o'i. Laimar kwaɗi dangin funfuna ce da yis, ba tsiro ba ce. Abin da ake gani ya fito bisa ƙasa sashen da ke fitar da iri ne kawai, ainihin jikinta kuwa zare-zare ne da ke ɓoye a cikin ƙasa, ko ruɓaɓɓen itace, ko kashin dabba. Nau'o'in da aka tabbatar suna da wannan tasiri sun kai kusan 200, mafi yawansu a dangin da masana ke kira Psilocybe, sai wasu a dangin Panaeolus da Gymnopilus da Pluteus. Ana samun su a kowace nahiya in ban da Antaktika.

Sinadarai da aikinsu a jiki

Sinadarai biyu ne ke da alhakin abin: silosaibin da silosin. Da zarar silosaibin ya shiga jiki sai ya rikiɗe ya koma silosin, shi kuma silosin ya yi kama ƙwarai da serotonin, sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Saboda wannan kama yana iya zama a mazaunin serotonin, musamman wanda ake kira 5-HT2A, ya sa sassan ƙwaƙwalwar da ba su saba magana da juna ba su shiga musayar saƙo.

Tasirin yakan fara ne bayan minti 20 zuwa 40, ya kai ƙololuwa cikin awa ɗaya zuwa biyu, ya lafa bayan awa 4 zuwa 6. A jiki akan ga buɗewar ƙwayar ido, tashin zuciya, yawan hamma, sanyi ko gumi, da ɗan hauhawar bugun zuciya da hawan jini. A hankali kuma launuka sukan ƙara kaifi, bango ya riƙa motsi kamar yana numfashi, zane-zane su bayyana idan an rufe ido, minti biyar ya zama kamar yini. Wani ya yi ta dariya ba dalili, wani ya fashe da kuka, wani ya ji kamar shi da duniya sun zama abu guda. Wani kuwa tsoro ne zai rufe shi, ya tabbata a ransa mutuwa zai yi ko ya haukace ke nan. Masu bincike sun daɗe da lura cewa halin da mutum yake ciki da wurin da yake suna da hannu sosai a kan ɓangaren da abin zai karkata.

Jiki yana saurin sabawa da silosin: wanda ya ci yau, idan ya maimaita gobe, tasirin zai ragu ainun, sai bayan mako ɗaya ko biyu ya dawo daidai. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba a lissafa ta cikin abubuwan da ke kama mutum kamar taba ko hodar iblis.

Ganewa, da inda haɗarin yake

Littattafan masana sukan ambaci alamomi kaɗan. Yawancin nau'o'in Psilocybe ƙanana ne, launin ruwan ƙasa ko ruwan zuma, ƙurar irinsu baƙa-baƙa ce mai sirkin shunayya, kuma idan aka murza su ko aka ji musu rauni wurin yakan koma shuɗi, saboda silosin ya haɗu da iska. Psilocybe cubensis, wadda aka fara bayyana ta a kimiyyance daga Kyuba a 1906, tana fitowa a kan kashin shanu a ƙasashe masu zafi da damshi. Psilocybe semilanceata ta ƙasashen Turai ƙarama ce mai tsinin hula, tana son filayen ciyawa da kaka.

Sai dai babu ɗaya cikin waɗannan alamomi da ya isa hujja. Akwai laimar kwaɗin da ke komawa shuɗi ba tare da silosin ba, akwai kuma mai silosaibin da da ƙyar take nuna shuɗin. Mafi muni, ƙananan laimar kwaɗi masu ruwan ƙasa sun yi yawa, sun kuma yi kama da juna har ƙwararru sukan koma ga madubin ƙara girman abu ko gwajin ƙwayar halitta kafin su yanke hukunci. A cikinsu akwai Galerina marginata, wadda ke fitowa a kan ruɓaɓɓen itace, wani lokaci gefe da gefe da nau'o'in Psilocybe masu son itace. Tana ɗauke da gubar amatoksin, irin wadda ke cikin Amanita phalloides, laimar kwaɗin da ta fi kowace kashe mutane a duniya. Ƙurar irin Galerina launin tsatsa ce, amma kama da wane ba ta wane, kuma mai tsinta a daji cikin zumuɗi ba ya tsayawa duba ƙura.

Gubar amatoksin mayaudariya ce. Mutum zai ci ya zauna lafiya lau na awa 6 zuwa 24, sannan amai da gudawa su sarƙe shi. Bayan kwana ɗaya ya ji sauƙi, a ɗauka an wuce wurin, alhali a daidai lokacin ne hanta ke lalacewa. Dafawa ko busarwa ba sa kashe wannan guba. Shi ya sa likitoci ke ɗaukar duk ciwon cikin da ya biyo bayan cin laimar kwaɗin daji da jinkiri a matsayin lamarin gaggawa, kuma suna so a zo musu da ragowar abin da aka ci.

Akwai wata daban da ake yawan haɗawa da waɗannan, wato Amanita muscaria, mai jar hula da fararen ɗigo. Ba ta da silosaibin ko kaɗan. Sinadaranta musimol ne da asid ɗin ibotenik, tasirinta kuma ya fi kama da maye mai haɗe da magagi da ruɗewa da barci mai nauyi. Wasu al'ummomin Saberiya sun daɗe suna amfani da ita a tsafe-tsafensu.

Ƙarfi

Ana auna ƙarfi da yawan silosaibin a busasshiyar laimar kwaɗi. A Psilocybe cubensis yakan kai kusan kashi 0.6 cikin ɗari, a semilanceata kusan kashi 1, a Psilocybe azurescens ta gaɓar tekun arewa maso yammacin Amurka kuwa an auna har kusan kashi 1.8. Waɗannan alƙaluma tsaka-tsaki ne kawai, kuma a nan ne mutane ke ruɗuwa: guda biyu da suka fito wuri ɗaya za su iya bambanta ninki biyu ko fiye, gwargwadon girma da abin da suka tsiro a kai da yadda aka adana su. Ido ba ya auna wannan. Silosaibin shi kansa da wuya ya kashe mutum kai tsaye. Cutarwar ta fi zuwa ta hanyar faɗuwa, haɗarin mota, firgita, ko tayar da taɓin hankali ga wanda ke da shi a dangi. Haɗa shi da maganin litiyom, wanda ake bai wa wasu masu taɓin hankali, na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wasu kaɗan kuma sukan ci gaba da ganin walƙiya da inuwoyi watanni bayan an gama.

Tarihi

Mutanen Aztek na Meziko suna kiran ta teonanácatl, kuma malamin coci Bernardino de Sahagún ya rubuta yadda suke cin ta a bukukuwa a ƙarni na 16. Turawan Sifaniya sun hana al'adar, ta koma ɓoye a ƙauyukan duwatsu. A Turai, an rubuta labarin wani iyali a Landan da suka tsinto ta a filin Green Park a 1799, suka dafa da safe a kan abinci ce, ƙaramin yaronsu ya yi ta dariya ba ƙaƙƙautawa.

A 1955 wani ma'aikacin banki ɗan Amurka, Gordon Wasson, ya halarci zaman dare na María Sabina, mai magani 'yar ƙabilar Mazatek a garin Huautla de Jiménez na jihar Oaxaca a Meziko. Ya buga labarin a mujallar Life a 1957. Abin bai yi wa matar daɗi ba daga baya: baƙi suka cika garin, 'yan sanda suka sa mata ido, aka ƙona gidanta, mutanenta suka zarge ta da tona asiri. A 1958 Albert Hofmann, masanin sinadarai a kamfanin Sandoz da ke Basel a Suwizalan, wanda shi ne ya gano LSD, wani sinadarin da ke sa gane-gane, ya ware silosaibin daga Psilocybe mexicana. Gwaje-gwajen silosaibin da Timothy Leary, masanin halayyar ɗan Adam, ya yi a Jami'ar Harvard daga 1960 sun ƙare da sallamarsa a 1963.

Doka da bincike

Amurka ta sa silosaibin a jerin haramtattun ƙwayoyi mafi tsanani a 1970, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta bi sahu. Yarjejeniyar ta ambaci sinadaran ne ba laimar kwaɗin kanta ba, wannan giɓi ya sa dokoki suka sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa. Birtaniya ta haramta ɗanyarta a 2005, Holan a 2008.

Bincike ya farfaɗo da aikin Roland Griffiths a Jami'ar Johns Hopkins a 2006, sai na Kwalejin Imperial ta Landan kan ciwon damuwar da ya ƙi jin magani. A irin waɗannan gwaje-gwaje sinadari ne tsantsa da aka auna, galibi miligiram 25, ake bai wa mutanen da aka tantance, da masu kula a gefensu. Sakamakon ya ba da fata, kodayake yana da rauni guda: mai gwajin yakan gane ko ainihin maganin aka ba shi ko na bogi, wanda hakan ke iya shafar abin da zai faɗa. Jihar Oregon ta Amurka ta amince da amfani da shi ƙarƙashin kulawa a ƙuri'ar 2020, Colorado a 2022, Ostireliya kuma ta bai wa wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin rubuta shi daga 1 ga Yuli, 2023.