Idan Albashi Ya Tsaya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tafiyar da Gida Bayan Rasa Aiki

Mazauna Kakuri a Kaduna sun san abin da rufe masana'anta ke jawo wa gida. Lokacin da masaƙar KTL ta tsaya a 2002, sannan masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007, dubban magidanta suka wayi gari babu albashi, wasu kuma suka shafe shekaru suna jiran haƙƙinsu. Wanda ya rasa aiki a yanzu yana haɗuwa da wata matsalar a kan wannan, domin tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Ga tambayoyin da suka fi damun wanda wannan jarrabawa ta samu.

Mene ne abu na farko da ya kamata mutum ya yi idan aka sallame shi?

Ya faɗa wa iyalinsa gaskiya a ranar, kada ya bari sai kuɗi sun ƙare. Akwai magidancin da zai ci gaba da yin wanka da sassafe, ya sa hula ya fita kamar mai zuwa ofis, ya wuni a teburin mai shayi, ya dawo da yamma da ledar biredi, duk don kada uwargida ta gane. Wannan ɓoyo yana cin kuɗi, domin muddin matar gida ba ta san halin da ake ciki ba, za ta ci gaba da auna shinkafa da zuba mai yadda ta saba. Bayan an yi magana, sai a ɗauki takarda a rubuta duk abin da ke hannu, a rubuta abin da gidan ke ci a wata, sannan a raba a ga wata nawa kuɗin za su kai. Adadin watannin nan shi ne zai nuna yawan abin da za a rage.

Daga ina ake fara ragewa?

A ganina, daga kuɗin da kunya ke sa a kashe. Ankon biki, liƙi, gudummawar da ta fi ƙarfin aljihu, ɗinkin sallah kala biyu ko uku, da kyautar da aka saba yi a majalisa don kada a ce wane ya karye, su ne suke zubar da kuɗin sallama ba tare da an ankara ba. Zumunci ba ya yankewa don mutum ya je ɗaurin aure ya yi addu'a ya dawo bai miƙa ambulan ba. Iyaye da ke ƙauye kuwa haƙƙinsu yana nan, sai dai a sanar da su halin da ake ciki, a rage abin da ake aikawa daidai ƙarfi.

Daga nan sai kuɗin kallon tauraron ɗan'adam, da datar waya, da man janareta. Wanda ke da mitar kati ya kula da dutsen guga da hitar ruwa da risho mai lantarki, domin duk na'urar da ke samar da zafi ta fi ƙwan lantarki da fanka cin wuta nesa ba kusa ba.

Yaya za a rage kuɗin abinci ba tare da an cutar da yara ba?

Nan ne ake buƙatar dabara, kuma mata sun fi maza saninta. Mai saye da gwangwani kullum a shagon unguwa yana biyan ribar hannu uku ko huɗu, alhali wanda ya haɗa kuɗi da maƙwabta biyu suka sayi buhun masara ko dawa a babbar kasuwa irin Dawanau ta Kano, suka raba da kwano, ya tsallake yawancin wannan riba. Lokaci ma yana da tasiri: hatsi yakan sauko da kaka, ya riƙa hawa har tsakiyar damina, don haka idan sallama ta zo daidai da girbi, abincin wata uku ko huɗu shi ne sayayya mafi amfani da za a fara yi, da sharaɗin a adana shi inda danshi da ƙwari ba za su taɓa shi ba.

Shinkafa da taliya su koma abincin jefi-jefi, tuwo da dambu da fate su dawo tsakiyar gida. Idan nama ya gagara, wake da gyaɗa da waken suya suna gina jiki, kuma kwano ɗaya na waken suya yana ba da awara da madarar kunun da za su ishi yara kwanaki. Lokacin da tumatir ya yi araha a yanka a shanya kauɗa, a busar da kuɓewa, a tanadi kuka da daddawa, zogale kuma a dasa shi ko a bayan ɗaki ne. Abin da bai kamata a taɓa ba shi ne abincin mai ciki da mai shayarwa da yaran da ba su kai shekara biyar ba, domin tamowa idan ta kama yaro, maganinta ya fi abincin da aka hana shi tsada. Wajen girki kuma, a jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a dafa na rana da na dare a wuta ɗaya. Ko gas ne ko gawayi, za a ga bambanci a ƙarshen wata.

Kuɗin haya da na makaranta fa?

A je wa mai gida tun haya ba ta ƙare ba, a nemi ya karɓa kashi-kashi. Idan lissafi ya nuna gidan ya fi ƙarfi, gara a koma ƙarami da mutunci kafin a tara bashin shekara. Makaranta kuwa, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne a makarantun gwamnati. Mayar da yaro can yana da ɗaci ga iyaye, amma ya fi a riƙa koro shi gida kowane mako saboda kuɗin zango. A bari zango ya ƙare, a karɓi sakamakonsa, sannan uba, tun da yanzu yana da lokaci, ya zauna da shi bitar karatu da yamma.

Shin mutum zai iya taɓa kuɗin fanshonsa?

Zai iya, idan yana cikin tsarin fansho na karo-karo. Dokar fansho ta 2014 ta tanadi cewa ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10. Wanda bai kai shekara 50 ba, ya rasa aiki, ya yi wata 4 bai samu wani ba, yana da damar cire har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa. Zai nema ta hannun kamfanin da ke kula da fanshonsa, don haka ya adana takardar sallamarsa da kyau, ya kuma bincika ko an zuba masa kuɗin kowane wata. Sai dai wannan guzurin tsufa ne, bai dace a cinye shi a cefanen yau da kullum ba. Ya fi kyau ya tafi ga haya ko ƙaramin jari.

Ya halatta a ci bashi ko a sayar da kadara?

Bashin manhajojin waya da ke ba da kuɗi cikin minti kaɗan shi ne mafi haɗari, saboda ruwansa mai yawa ne, wa'adinsa gajere, kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta sha ɗaukar mataki kan masu aika saƙon tozarci ga 'yan uwan wanda ya kasa biya. Wanda ake binsa tsohon bashi ya je da ƙafarsa ya nemi a ɗaga masa, aya ta 280 ta Suratul Baƙara ma ta umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Idan yana cikin adashi bai kwasa ba, ya yi magana da uwar adashi tun kafin ranar zubi ta zo.

Wajen sayarwa, a fara da abin da ke cin kuɗi, kamar motar da ba a haya da ita, a bar abin da ke kawo kuɗi, kamar keken ɗinki, injin markaɗe, firiza ko gona. Gwal da kayan ɗakin mace mallakinta ne. Idan ta bayar da yardarta, a rubuta shi a matsayin rance.

Za a iya jinkirta kuɗin magani?

Mai hawan jini ko ciwon suga kada ya daina shan magani don tsimi, domin shanyewar ɓarin jiki tana iya cinye duk abin da aka tara cikin mako guda. Ya tambayi likita ko akwai irin maganin mai sauƙin kuɗi, ya koma asibitin gwamnati, kuma ya binciki ranar da inshorar lafiyarsa ta wurin aiki za ta daina aiki, ya karɓi abin da ya cancanta kafin lokacin. Rigakafin yara kyauta ne a cibiyoyin lafiya na matakin farko, gidan sauro kuma a riƙa ɗaura shi kowane dare, musamman daga saukar damina zuwa ƙarshen kaka.