Waiwaye: Yadda tsanani ya yi ta sauya kama ga Kiristocin ƙasar Zuru

Duk wanda ya tashi a ƙasar Zuru ya san golmo. A al'adar Dakarkari saurayi kan shekara bakwai yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata, ga rana ga ruwa, ba ya cewa uffan. Shi ya sa da masu bishara suka karanta wa kakanninmu labarin Yakubu da ya yi wa Laban bauta shekara bakwai saboda Rahila, babu wanda ya nemi ƙarin bayani. Haƙurin da ake yaba wa Kiristocin kudancin Kebbi a yau, ba a majami'a aka fara koyonsa ba.

Bishara ta shigo nan ne ta bayan gida. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, don haka aka riƙa kange 'yan mishan daga manyan biranen Musulmi. Sai suka karkata wajen masu addinin gargajiya: Dakarkari, Kambari, Dukawa. A shekarun 1920 mishan ɗin da ya haifi ikilisiyar UMCA ya kafa zango a Salka da Zuru, daga baya ECWA da Katolika da sauransu suka bazu. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ta zama harshen sujada. Kalmomin da muke roƙo da su, Allah, addu'a, azumi, gafara, su ne dai a bakin maƙwabcinmu Musulmi.

Tsananin farko kuwa daga cikin gida ya fito. Kakata tana cikin waɗanda aka yi wa baftisma a ƙauyenmu tun ana ƙidaya masu bi da yatsu. Ranar da ta ce ba za ta ƙara dafa giyar tsafi ba, dangin mijinta suka hana ta ɗiban hatsi a rumbun gida, mata suka daina kiranta sussuka, in ta je rijiya sai a yi tsit. Ta yi damina biyu a haka. Na taɓa tambayarta ko ta ji haushinsu, ta ce da ni, “Ɗana, ba ƙi na suke yi ba, tsoro suke ji kada ruwan sama ya ɗauke saboda ni.” Wasu daga cikin masu yi mata tsit ɗin nan, ita ta koya musu waƙoƙin Zumuntar Mata daga baya.

Zamani ya juya. An yanke Kebbi daga Sakkwato a 1991, Zamfara a 1996. A watan Oktoba na 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000, Kebbi ma ta bi sahu. Gwamnatoci sun ce dokar ba ta hau kan wanda ba Musulmi ba, kuma a cikin Zuru, inda za ka tarar da fasto da liman 'yan ɗaki ɗaya, ba a ga wani babban sauyi ba. Waɗanda suka ji a jikinsu su ne mazauna manyan garuruwa, kuma ba bulala ba ce ta dame su, takarda ce. Koken da ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, ta daɗe tana yi shi ne rashin filin gina majami'a da malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati. Ni kaina na bi fayil ɗin fili na wata ƙaramar ikilisiya a wani ofis har takalmina ya suɗe. Babu wanda ya taɓa ce mana a'a. Kullum dai “oga ba ya nan, a dawo mako mai zuwa”, har muka saba sujada a ƙarƙashin rumfar kwano. Irin wannan tsanani ba ya fid da jini, sai dai ya gajiyar da mutum, kuma na ga waɗanda ya raba da coci fiye da waɗanda barazana ta raba. Abin da ɗaure kai, ƙasar da ta cika barikokin Najeriya da sojoji, har ta fitar da hafsan sojin ƙasa, Janar Ishaya Bamaiyi, 'ya'yanta ne ke layin neman sa hannu.

Jini ya zo daga baya. Ranar 12 ga Mayu, 2022, ɗalibai suka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato bisa zargin ɓatanci. An binne ta a Tungan Magajiya ta jihar Neja, nan kusa da mu. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, iyayenta kuma suka ce sun bar wa Allah. Wasu sun kira wannan bangaskiya, wasu sun ce fid da rai ne daga samun adalci a kotu. A ganina duka biyun ne, kuma kada na farkon ya zama hujjar da hukuma za ta fake da ita ta naɗe hannu.

Sai dai masifar da ta fi cin mutanenmu ba ta tambayar sunan addini. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Danko/Wasagu, 'yan sanda suka ce mutum 88 aka kashe. Ranar 17 ga Yunin aka kwashe ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri. A Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, fiye da 60 suka mutu. Gaskiya ne a ƙarshen 2021 an aika wa majami'un Zamfara wasiƙar barazana cewa su rufe, amma gaskiya ne kuma 'yan bindigar nan sun sha ɗibar masallata a sahu. Wanda ya ce duk gawar da ke ƙasar nan ta tsanantawar addini ce, bai je jana'iza a Zurmi ko Maru ba. Manzo Bitrus ma a wasiƙarsa ta fari ya rarrabe wahalar da mutum ke sha saboda sunan Almasihu da wadda ba ita ba, ya kuma hana masu bi rama mugunta da mugunta.

Nan ne gardama take a yau. Matasa na tambayar dattawan ikilisiya: in na ɗauki bindigar toka na tsare ƙauye, na saɓa? Yawancin fastocin da na saurara ba sa hana tsaron gida. Abin da suke ja wa kunne shi ne a tare Bafulatanin da ya kawo nono kasuwa a huce a kansa. Ba kowa ke jin wannan wa'azi ba, musamman wanda ya binne ƙaninsa.

Wata Lahadi a garin Zuru na zauna a bencin baya na wata majami'a da rabin mutanenta 'yan gudun hijira ne daga ƙauyuka. Bayan baiko, wato sadakar da ake tarawa a coci, sai magatakarda ya ce za a yi na biyu, na waɗanda 'yan bindiga ke riƙe da su a daji. Mata suka fito da mudun dawa a ƙullin zane, wata tsohuwa ta kawo kaza a ɗaure. Ya karanta sunaye shida, na biyar Musulmi ne, mai shagon da ke jikin katangar cocin. Babu wanda ya ɗaga kai. Aka ɗauki waƙa, aka ci gaba da zuba dawa a buhu.