Waiwaye: Daga ruwan toka zuwa sabulun ruwa na haɗin gida

Kafin sabulun kanti ya shigo, matan ƙasar Hausa da abin da ke kusa da murhu suke tsabtace gida. Toka da yashi su ne na goge baƙin tukunya, soso kuwa a jikin danga yake yaɗo. A ƙauyuka akan daka ɓawon aduwa a wanke tufafi da kumfarsa. Sai kuma sabulun salo, wanda Yarabawa ke kira oshe dudu, mutanen Gana kuma alata samina. Akan ƙona ɓawon koko ko na ayaba, a tace ruwan tokar, a dafa shi da man kaɗe ko man alaiyadi har ya kama jikinsa. Ruwan wankin da aka zubar bayan gida ƙasa ce ke shanye shi, ba ya daɗewa.

Sabulun kamfani ya zo ne tare da 'yan kasuwar Ingila. Kamfanin Lever Brothers ya kafu a Najeriya a 1923, ya shiga yin sabulu a Apapa ta Legas, da man ja da man ƙwarar da ake samu a ƙasar. Shi wannan har yanzu sabulu ne na asali, mai da sinadarin soda.

Garin wanki labarinsa dabam ne. Jamusawa ne suka fara haɗa shi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da kitse ya yi musu ƙaranci. A 1946 kamfanin Procter & Gamble ya fitar da Tide a Amurka, Unilever ya biyo da Omo, wanda ya shiga gidajenmu har sunansa ya zama sunan kowane garin wanki. Gaskiya ya sauƙaƙa wa mata wahala, domin yana kumfa ko da ruwan rijiya mai gartsi ne, inda sabulun gargajiya ke daskarewa.

Ɓarnar a koguna ta fara bayyana. A shekarun 1950 kumfa ta riƙa taruwa a kogunan Jamus da Amurka, saboda sinadarin kumfar na lokacin ba ya ruɓewa. Zuwa tsakiyar shekarun 1960 aka sauya shi da wanda ke narkewa. Sai matsalar fosfet ta taso, wato sinadarin da ake zubawa don ya tausasa ruwa. Fosfet taki ne. Idan ya shiga tafki gansakuka take yi ta yaɗuwa, in ta mutu ta ruɓe ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Haka tafkin Erie da ke tsakanin Amurka da Kanada ya koma kore shar, kifaye na mutuwa, har ƙasashen biyu suka rattaba hannu kan yarjejeniyar kare ruwan a 1972. Suwizalan ta haramta fosfet a garin wanki a 1986. Tarayyar Turai kuwa sai a 2013 ta taƙaita shi. A cikin wannan gwagwarmaya ne aka sami kamfanoni irin Ecover na Beljiyam masu sayar da kayan wanki marasa fosfet, aka kuma ƙirƙiro tambarin Blue Angel na Jamus a 1978, don mai saye ya gane kayan da ba sa cutar da muhalli.

Mu namu komawar ga haɗin gida tsadar rayuwa ce ta kawo ta. Yau da wuya ka sami unguwa a Kano ko Kaduna ko Maraɗi da babu mai haɗa sabulun ruwa tana ɗurawa a gorunan roba, kuma shi ne darasin farko a yawancin shirye-shiryen koyar da sana'a. Ina murna da wannan sana'a, ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗauka duk abin da aka haɗa a tsakar gida ba shi da illa. A duba takardar haɗin da ake rabawa: kostik soda, soda ash, salfonik asid, teksafon, fomalin don kada ya lalace, sai STPP. Wannan STPP ɗin shi ne ainihin fosfet ɗin da Turawa suka shafe shekaru suna kora daga kogunansu. Ga shi mu muna auna shi da cokali a cikin bokiti, ruwan kuma ya bi kwata. A Kano kwatocin cikin birni kogin Jakara suke faɗawa, shi kuma da ruwansa ake ban-ruwan latas da alayyaho kafin ya isa madatsar Wasai.

Kostik soda ma kansa abin tsoro ne. Idan an jiƙa shi fari tas yake kamar ruwan sha. Yaro ya kurɓa, maƙogwaronsa ya ƙone ya tsuke, wani sai an yi masa tiyata kafin ya iya haɗiye abinci. Haka haɗa Hypo da khal ko da ruwan wanke masai, tururin da ke tashi guba ne, musamman a banɗaki marar taga.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin sa ido kan sabulai da kayan wanki, amma ba ta isa ta leƙa kowane bokiti ba. Masu koyar da sana'ar su ne ke da dama a hannu. Sabulun wanke-wanke yana yin aikinsa ba tare da STPP da fomalin ba, in an yi shi kaɗan-kaɗan yadda zai ƙare da wuri. Ya kamata darasin ya fara da safar hannu, da rubuta suna a jikin gora, da ajiye kostik inda hannun yaro ba zai kai ba.