Hango nasara a zuci ba ya kawo ta

An daɗe ana cewa in ka rufe ido kullum kana hango kanka cikin nasara, za ta zo da ƙafarta. Maganar nan tana damuna, domin mutanen kirki da yawa sun ɓata shekaru suna jiran ta.

A wani bincike da aka wallafa a 1999, Lien Pham da Shelley Taylor na Jami'ar Kalifoniya sun gwada ɗalibai gabanin jarrabawa. Wasu aka ce su riƙa hango kansu sun ci maki mai yawa. Wasu kuma su hango kansu zaune, littafi a buɗe, suna karatu a lokacin da suka tsayar. Na biyun sun fi karatu, sun kuma fi cin maki. Na farkon kuwa, karatun ma raguwa ya yi.

Zuciya in ta ɗanɗani daɗin nasara a tunani, sai ta saki jiki kamar an gama aiki. Abin da ke da amfani shi ne hango aikin kansa: ƙarfe nawa, a ina, me zai tare ka. Sannan ka tashi ka yi, gobe ma haka. Binciken Phillippa Lally a Landan ya nuna sabon hali kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki.