Haɗa tsingaron tulun dutse

Tulun dutse shi ne tulun yumɓu da aka gasa a tanderu mai zafin digiri 1,200 zuwa 1,300 a ma'aunin Selsiyus, har yumɓun ya narke ya haɗe jikinsa, ya daina shan ruwa. Idan aka ƙwanƙwasa shi da farce sai ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Tulu da randa irin waɗanda ake sayarwa a kasuwar Maraɗi, ko na maginan Mirriya a Damagaram, a fili ake gasa su da kara da itace, zafinsu bai cika wuce digiri 900 ba. Shi ya sa suke tsatsafo, ruwan cikinsu ya yi sanyi. Wannan bambanci shi ke yanke irin wanki da irin gam ɗin da kowanne zai ɗauka idan ya fashe.

Ƙasar Sin ce ta fara gasa tulun dutse. A Turai kuwa aikin ya yi ƙarfi a yankin kogin Rayin na Jamus, a garuruwan Sigbug, Kolon da Fireshen. Can ne aka riƙa watsa gishiri cikin tanderu lokacin da wuta ta kai ƙarshen zafinta. Tururin gishirin ya haɗu da yashin da ke jikin yumɓu, ya bar sheƙi mai ɗan kaushi kamar ɓawon lemo. Mafi shahara shi ne tulu mai gemu na ƙarni na 16 da na 17, wanda ake manna masa fuskar dattijo a wuya. A Ingila, magini John Dwight ya sami izinin sarauta na yin irinsa a 1672. Jiragen fatake sun baza waɗannan tuluna har gaɓar Afirka ta Yamma, kuma galibinsu yau a tsingaro ake tono su, daga tsofaffin rijiyoyi da juji da kufai.

Aikin haɗa tsingaron yana farawa tun kafin a taɓa gam. Kowane tsingaro ana rubuta inda aka same shi da zurfin ramin. Sai wanki da ruwa da burushi mai laushi, musamman a bakin karaya, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana gutsure biyu zama daidai. Tulun dutse yana jure wannan wanki. Tsohon kaskon gida kuwa, idan aka dirje shi, adonsa ne zai bi ruwa. Bayan sun bushe sai a baza su a tebur, a ware baki da wuya da mariƙi da ciki da gindi. Layukan da yatsun magini suka bari a ciki, lokacin da tulun ke juyawa a kan faifai, su ke nuna yadda gutsure zai tsaya, domin kullum a kwance suke zagaye. Kauri ma yana magana: kusa da gindi ya fi kauri.

Daga nan sai a haɗa tulun gaba ɗaya da tef, ba gam, a sa wa kowane gutsure lamba. Mai gaggawa nan yake faɗuwa. Akwai gutsuren da idan aka riga aka manne maƙwabtansa, ba shi da ƙofar shiga kuma, sai an warware. Ana farawa daga gindi a hau sama. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba a gindi yana ta ƙaruwa, kafin a kai wuya ya zama giɓin da baki ba zai rufu ba. Don haka mai gyara yakan ja farcensa a kan kowace haɗa. In farcen ya sarƙe, ba ta zauna ba. Sai a kafa gutsuren cikin kwano mai yashi, karayar tana kwance, nauyin na sama ya danne na ƙasa har gam ya kama.

Gyartai yana huda ƙwarya ya ɗinke ta don ta koma aiki. Mai gyaran tulun tarihi ba ya huda, ba ya goge baki da fayil don ya shiga, kuma tulun ba zai sake ɗaukar ruwa ba. Ƙa'idarsa ita ce duk abin da ya manna, wani ya iya cire shi gobe ba tare da ɓarna ba. Shi ya sa gidajen tarihi suka fi amfani da wani gam mai suna Paraloid B-72, wanda ake narkarwa da wani ruwan sinadari da ake kira asetan, kuma asetan ɗin ke sake warware shi. Gam mai kama nan take na shago ba ya ba da damar gyara zama, cire shi kuma wahala ne.

Sai dai B-72 yana fara laushi a wajen digiri 40, zafin da Maraɗi ke wucewa a watan Afirilu da Mayu. Tulun da aka haɗa da shi aka ajiye ƙarƙashin rufin kwano zai iya saki a hankali, ya karkace. A ƙasashe masu zafi ana komawa ga wasu nau'o'in Paraloid, B-48N ko B-44, waɗanda ke jure kusan digiri 50 da 60. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, tana manne wa ɗanyen gam, don haka a rufe ɗaki ake aiki.

Inda gutsure ya ɓace, ana ɗauko siffar wurin da kakin zuma daga ɓangaren da yake lafiya, a cike da farin filasta, a shafa launi mai ɗan haske fiye da na asali. Daga nesa tulun ya fito cikakke, daga kusa a ga cikon. Ƙirƙiro gemu ko tambarin da ba a gani ba ha'inci ne, ko da ya yi kyau.

A Nijar dokar 1997 ta kare kayan tarihi ta hana tono ba da izini ba. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya san Bura, tsohuwar makabarta a yammacin Nijar: an gano wurin a 1975, masanin kayan tarihi Boubé Gado ya tona shi a 1983, daga baya masu sayar da kayan tarihi suka wawashe makabartun yankin. Manomin da garmarsa ta turo tsingaro a fadamar Gulbin Maraɗi, inda tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945, zai fi kyau ya bar su wuri ɗaya, ya lura da wurin, ya sanar da hukumar al'adu ta jiha ko Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai.