Ba don ado kawai aka bar wa Kumasi bishiyoyinta ba

A unguwannin Zango da Aboabo na Kumasi, a Ghana, har yau ana cewa Kumasi ta samu kirarin birnin lambu ne saboda tana tsakiyar kurmi, wai itatuwan ragowar daji ne da gari ya tarar. Dajin gaskiya ne, amma tsara garin aka yi a takarda.

Tunanin birnin lambu na Ebenezer Howard ne, Baturen Ingila da a 1898 ya kawo shawarar gina ƙananan garuruwa masu mutum kusan 32,000, a zagaye su da filin da ba a gini a kansa. An fara da garin Letchworth na Ingila a 1903. A 1945 Maxwell Fry da Jane Drew, Turawan Ingila masu zanen gine-gine, suka zana wa Kumasi tsari a kan wannan turba, aka keɓe filaye da bakin rafuka irin su Subin don iska da hanyar ruwa.

Sai dai abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tun kafin nan Turawan mulki suna barin fili tsakanin unguwarsu da ta baƙar fata, da sunan gudun cutar sauro. Bayan annobar ɓeraye ta 1924 kuwa, gidajen Zango aka rusa, aka sake wa mutanenmu matsuguni. Wato wani koren filin katanga ce ba bulo.

Yau an cike bakin rafukan da gidaje da shaguna, shi ya sa da ruwa ya sauko da ƙarfi Aboabo ke ambaliya.